Alkakin da Ya Watse a Cikin Mai

Shekarar da na gama sakandare na buɗe ajin alkaki a waya, ina zaune a gida ba aiki ba karatu. Innata ta yi suna da alkaki a Tudun Wada. Ni kuma tun ina ƙarama nake gindin ƙwaryarta, sai na ɗauka abin da hannuna ya iya, bakina ma zai iya koyar da shi.

Na tara mata a guruf. Na shiga ɗaki na ɗauki murya guda ɗaya doguwa, tun daga ɓarzar alkama har tsomawa a zuma, na haɗa da hoton alkakin Inna na tura. Darasi ya ƙare ke nan.

'Yar wan babana, wadda ke karatun koyarwa a kwaleji, ta zo ta saurara. Ba ta kai rabi ba ta ajiye wayar.

"Wannan ai wa'azi ne. Ki rarraba shi. Yau kwaɓi kawai, kowa ta kwaɓa kofi ɗaya ta turo bidiyo, ki gyara mata, sannan ku wuce gaba. Mu abin da aka koya mana, mutum bai iya ba sai ya yi da kansa an nuna masa inda ya kauce."

"Yaya, alkaki ne fa, ba digiri ba."

"To da kika ce kanwa 'yar kaɗan, nawa ke nan?"

"Kaɗan mana! Wa bai san kaɗan ba?"

Ta saka hijabinta ta tafi. Na ji daɗi ma da ta tafi.

A cikin ɗalibaina akwai wata matar aure daga Tudun Jukun. Za a kai wa ƙanwarta gara, ita kuma ta tashi a gaban dangi ta ce alkaki a bar mata. Ta rubuto mini, "Malama, yaya zan gane ya yi tsami?" Na ce ta koma ta saurari muryar. Ta sake tambaya. Na sake faɗa mata haka. Na ukun ko amsawa ban yi ba, don a ganina tambayar banza ce.

Ranar garar da hantsi sai ga keke a ƙofar gidanmu. Matar ta shigo da bahon kwaɓi a kai da goyo a baya. Duk alkamar ta kwaɓe a tashi ɗaya, ba ta gwada kaɗan ba, don ban ce a gwada ba. Kowanne ta naɗa ta jefa a mai sai ya watse.

Inna ta sa yatsa ta shinshina, ta ɗanɗana.

"Kanwa ta yi yawa, 'yar nan, tsamin ma ya wuce. Sabon kwaɓi kuwa sai ya kwana. Yaushe za ku tashi?"

"Bayan azahar, Inna."

Inna ta juyo gare ni.

"Ke da na koya miki, sau nawa na kama hannunki na cusa a kwaɓi? Sau nawa kika ɓata na ce sake? Ko labari na ba ki?"

Na so matar ta zage ni, da na san abin da zan mayar. Ba ta yi ba. Ta gyara goyonta ta ce, "Malama, sau uku fa na tambaye ki." Ta bar mana bahon ta fita. Garar ta tafi ba alkaki.

Da la'asar na ga matar ta fita daga guruf.

Bayan mako na sake darasin yadda Yaya ta ce, guntu-guntu, ina auna kanwa da cokalin shayi a gaban kyamara. Na ce kowa ta kwaɓa kofi ɗaya ta turo mini. Na ga sun buɗe saƙon. Babu wadda ta turo. Bahon yana nan a bayan madafarmu, ban san gidan matar ba balle in mayar.