Abin da Ya Rage a Kaset ɗin Fumie

Duk wanda ya taɓa hawa keke a unguwar bayan tasha ta garin Kiryu, a ƙasar Japan, ya san Shigeo Kuramochi. Shekara arba'in da biyar ya yi yana facin taya da gyaran sarƙa, rediyonsa kuwa bai san wata tasha ba sai ta kiɗan Turawa na dauri. Mutum ne da zai bar ka tsaye da kekenka a hannu, ya ɗaga yatsa duk baƙin mai, ya ce ka yi shiru sai wannan gaɓar ta wuce. Amma shi kansa bai taɓa zama gaban fiyano ba. Fiyanon gidan na matarsa Fumie ne, ita ma ta rufe shi da zane tun tana da cikin 'yarsu Asami, ya koma wurin ajiye tukunyar fure.

Bara Fumie ta gamu da shanyewar ɓarin jiki, hannunta na dama ya daina aiki. Asami ta zo daga Tokyo ta ce a fitar da fiyanon a sa gado a wurin. Fumie kuwa kallon zanen kawai take yi. Sai ga Shigeo, mai shekara saba'in da biyu, ya yi gyaran murya.

"Ba inda za shi. Ni zan koya."

"Baba, da waɗannan yatsun?" in ji Asami. "Fiyano fa ba taya ba ne, ba a yi masa faci."

Shi dai ya kafe. Ya sami wata malama, Hoshikawa, ya gaya mata ba ya son kiɗan yara, wata sonata guda yake so, wato dogon kiɗan fiyano, wadda Fumie ke kaɗawa a da. Malamar ta dubi hannunsa, ta ce kashi uku ce, za su ɗauki na ƙarshe mai tafiya a hankali, idan ya dage nan da shekara biyu zai fara kama da kiɗa. Ta ƙara da cewa ya nemo faifan gwanaye biyu ko uku ya riƙa saurara, kada ya manne wa ɗaya ya zama aku. Ranar da ya shigo gida da faifai uku da ya aro a laburare, Fumie na zaune tana fama da ɓawon lemo da hannun hagu.

"Baban Asami, wannan wahala ta mece ce? Ai akwai nawa kaset ɗin. Ɗauko shi ka saurara, ni ma ina so in ji."

Ya ce zai duba.

Ga abin da ya faru, shekara talatin da takwas ke nan. Fumie ta yi wata shida tana koyon sonatar, ranar da ta iya ta daga farko har ƙarshe ta ɗauki kanta a kaset, ta rubuta sunanta da kwanan wata a jiki. Abu ɗaya ta manta: akwai ɗan harshen roba a bayan kaset da ake karyewa don kada a yi ɗauka a kai, ita ba ta karye nata ba. Wata Lahadi da rana tana kasuwa, rediyo ta sanar cewa wani shahararren Bature zai kaɗa wannan sonatar. Shigeo ya birkita aljihun tebur, babu sabon kaset ko ɗaya. Da ma a ce kuskure ya yi, da da sauƙi. Ya ga rubutunta sarai, ya ce a ransa ai ita kullum tana nan, za ta sake, shi kuwa Baturen yau kaɗai ne. Ya danna maɓallin ɗauka.

Ya mayar da kaset ɗin wurinsa da niyyar gaya mata da yamma. Yamma ta zama gobe, gobe ta zama mako, daga nan ya ɗauke shi ya ɓoye a shago, cikin akwatin tsofaffin sukurori. Bai ƙara kunna shi ba. Kunya ce ta hana shi, kuma duk ranar da ya buɗe akwatin sai aikin yini ya yi masa ɗaci.

Kwana huɗu yana zagaye-zagaye. Yau ya ce ƙura ta yi yawa a shago, gobe ya ce na'urar kaset ce ta lalace, alhali duk unguwa ta san babu abin da Shigeo ba ya gyarawa. A rana ta biyar da hantsi ya ajiye na'urar a kan tebur kusa da shayinta. Ya buɗe baki zai yi magana, zuciya ta gaza, ya danna kawai. Kiɗa ya cika ɗakin, mai tsabta, ba tuntuɓe ko ɗaya. Fumie ta rufe ido ta saurara har aka yi nisa.

"Kai, ashe na iya a da," ta ce. "Ji har da mutum ɗari suna tari a falonmu."

"Maman Asami, ba ke ba ce," in ji shi. "Na yi ɗauka a kan naki. Kuma ina sane na yi."

"Na sani."

"Kin sani?"

"Tun washegari, ranar Litinin. Na kunna in ji kaina, sai na ji wannan bawan Allah." Ta tura masa lemon ya ɓare mata. "Kai ne mai kunne a gidan nan, kowa ya shaida. Na ɗauka ka saurare mu ne mu biyu, ka zaɓa."

Shigeo ya dubi fiyanon, ya dube ta. "Ni na zaci saboda cikin Asami kika daina."

"Mai ciki ba ta da yatsu ne?"

Shekara talatin da takwas yana jin haushin kansa a kan kaset guda, ashe ɓarnar ta fi kaset. Suka saurara har Baturen ya gama, aka yi tafi, na'urar ta yi ƙas a daidai inda ya tsayar da ɗaukar tun wancan lokaci. Ya miƙa hannu zai kashe.

"Bar shi," in ji ta.

Sai ga wani fiyanon, siriri, daga nesa. Baturen ya fi ta sauri, ya riga ta gamawa, shi ya sa ƙarshen nata ya tsira, abin da bai kai minti biyu ba. A hankali take tafiya, kamar mai ɗauke da ruwa a kwano. Can bayan kiɗan ana jin ƙarar guduma daga shago, wato shi ne, yana ta aikinsa. Ta yi tuntuɓe sau ɗaya, ta gyara, ta kai ƙarshe.

"Nan na yi kuskure," ta ce. "Kada ka koya da shi."

Shigeo ya share fuska da bayan hannu. Ya ture faifan laburaren gefe, ya ce gobe zai mayar musu da kayansu.

"Malamarka ta ce uku."

"Ita ta faɗi nata. Na zaɓa."

"Ka makara, tsoho."

"Na sani."

Ya ciro kaset ɗin, ya zaro ƙaramin sukundireba daga aljihun rigarsa, ya karye ɗan harshen robar. Sannan ya mayar da kaset ɗin baya kaɗan, ya sake kunnawa.