Malam Yari da Karan Awon Waya

Kullum da hantsi Malam Yari yakan tura tsohon kekensa zuwa gindin tankin ruwan da ke bayan garin Jega, ya buɗe wani akwatin ƙarfe, ya zauna shi kaɗai. A ciki akwai na'urar da ke karɓar muryar masu rediyon oba-oba ta cilla ta har Aliero da Maiyama. Da can masu sha'awar abin suna da yawa. Salula ta kwashe wasu, mutuwa ta kwashe saura. Mutum ɗaya ya rage yana kira, wato Mamuda na Maiyama, wanda ciwon ƙafa ya zaunar a ɗaki. Shi da Yari, don taurin kai, har yau ba mai riƙe salula.

Na'urar tana da wasu gwangwanaye masu raba muryar da ke shigowa da mai fita, tunda eriya ɗaya suke bi. Gajerun wayoyin da ke haɗa gwangwanayen ba a yanka su da ka. In tsawon ya zarce ko da ɗan yatsa, sai na'urar ta kurmance da ƙarar kanta. Yari ya daɗe da yanke karan dawa daidai awon, shi ne ma'auninsa.

Bara zazzaɓi ya kwantar da shi, ɓera ya cinye waya ɗaya. Lauwali mai gyaran talabijin, don ya kyauta, ya sa sabuwa, har ya bar rara kamar igiyar ɗaure akuya. Duk da haka muryar Mamuda ba ta dawo ba. Lauwali ne ya ba ni labarin yadda tsohon ya lallaɓo, ido ba ya gani sosai, ya yi masa godiya, ya lalubo karan ya ɗora a kan wayar ya datse rarar, ya sake haɗa ta. Yana kunnawa sai ga murya can ƙasa-ƙasa.

"Yari? Na aza ka riga ni gidan gaskiya."

"Ina nan, Mamuda. Waya ta yi tsawo."

Malam Yari, kai ne mai gadin hanyar da mutum ɗaya kacal ke bi, kuma ba ka taɓa cewa ka gaji ba. Na gode maka, Allah ya saka da alheri. Amma ina jin tsoro, don idon nan kullum ƙara dushewa yake.

Samarin Jega, wani ya je ya zauna kusa da shi, ya karɓi karan nan tun yana iya miƙo shi. Gobe da hantsi Mamuda zai sake kira.