Ranar da Iyaye Suka Ɗaga Hannu

A unguwarmu ta wajen Hubbare, gidanmu ne ya fara samun talabijin. Lokacin kuɗin mai sun shigo ƙasa, ma'aikata sun sami ƙarin albashi, kowa yana son sabuwar shadda, mahaifina kuwa shadda da atamfa yake sayarwa a kasuwa. Ya kawo akwatin, mai ƙofofin katako, a bayan akori-kura, aka ajiye shi a tsakar gida ƙarƙashin rumfa. Da an idar da sallar magariba maƙwabta sai su cika gidan, maza a gefe ɗaya, mata a bakin ɗakuna. Abin da aka fi so shi ne dambe da kokawa.

Ni a lokacin na gama makarantar horon malamai, ina koyar da Hausa a wata makarantar 'yan mata. Shekarata ashirin da 'yan kai, kuma ina ganin babu abin da ya gagare ni.

Wata rana, bayan labarai, aka nuno wani abu daga Ikko. Mutum huɗu ne aka ɗaure a jikin turaku a bakin teku, an jera gangunan ƙarfe a bayansu. Aka ce 'yan fashi ne, gwamnatin soja ta yanke musu hukunci. Jama'a sun cika wurin, wasu sun ɗora yara a wuya don su gani, ga masu talla suna zagawa. Sojoji suka jeru, aka yi harbi, kawuna suka sunkuya. Taron can ya ɗauki tafi, sai na ji tsakar gidanmu ma ta ɗauka.

Kakata, wadda idonta ya yi rauni, tana zaune kusa da ni a tabarma. Ta ji tafi, ta taɓa min gwiwa.

"Ke ɗiyar ga, wa yac ci?"

Ta zaci dambe ne. Aka yi ta dariya.

Cikin mako biyu na rubuta wasan kwaikwayo a littafin rubutu na 'yan makaranta. Labarin wata ƙasa ce mai arziki, inda kowa ya sami akwatin kallo, aka gaji da dambe, aka gaji da kokawa. Sai masu mulki suka ƙirƙiro sabon shiri. Kowane mako a kamo mutum uku waɗanda aka ji suna gunaguni, a kawo su gaban kyamara, su yi waƙa, su yi kacici-kacici, su ba mutane dariya. Daga ƙarshe 'yan kallo su zaɓi wanda bai burge su ba, a harbe shi nan take. Wanda ya fi burgewa a ba shi firiji.

Na kai wa shugabar makarantarmu, na ce ina so ɗalibaina su yi shi ranar rabon kyaututtuka. Dattijuwa ce mai tsoron abin da zai jawo magana. Ta karanta da tabarau a bakin hanci, ta ajiye.

"Malama, kin san babban baƙonmu soja ne?"

"Na sani, ranki ya daɗe. Ban ambaci kowa ba, ban ambaci ƙasar kowa ba."

"To wannan wurin fa, da kika ce mai gabatarwa ta juya ta tambayi iyaye su ɗaga hannu? Kunya za ki sha. Malamai ne da alhazai. Ba wanda zai ɗaga hannu a kashe mutum, ko da wasa."

"Za su ɗaga."

Ta miƙo min littafin. Ina jin don ta tabbata ba za su ɗaga ba ne ta yarda.

Na raba matsayi. Mai gabatarwa na ba wata yarinya 'yar Sabon Gari, ɗiyar bakanike, mai baki kamar reza. Muka sa mata babbar riga da baƙin tabarau, muka naɗe gwangwanin madara a kan sanda ya zama abin magana. 'Yan takara su ne mai wanki, da tsohon direba, da mai fura. Mai furar wata yarinya ce shiru-shiru, na ce mata kada ta yi ƙoƙarin ba kowa dariya, ta tsaya kawai ta riƙe ƙwaryarta. Mun yi wata guda muna gwaji bayan la'asar a ƙarƙashin bishiyar dogon yaro.

Ranar ta zo, zauren taro ya cika. A layin gaba ga manjon soja da kakinsa ya sha guga, ga manyan ma'aikatar ilimi, ga mahaifina a layi na uku da rawaninsa. Ni ina tsaye a gefen labule inda nake ganin fuskokinsu.

Ɗiyar bakanike ta fito da tsalle, ta yi wa jama'a kirari, ta ce yau za a sha kallo. Mai wanki ya yi waƙar sabulu yana rawa, zaure ya ɓarke da dariya. Direba ya kwaikwayi mota mai tari a hawan Kalambaina, har manjo yana bugun cinya. Da aka zo kan mai fura, aka ce ta yi waƙa, ta ce ba ta iya ba. Aka ce ta faɗi laifinta, ta ce ta ce gero ya yi tsada. Aka ce ta yi murmushi, ta ƙi. Na ji wani daga baya yana cewa, "Wagga ba ta iya komi ba!"

Sai mai gabatarwa ta matso bakin dandamali, ta ware hannuwa.

"Iyayena, alhazai, manyan gari! Hukunci naku ne. Wanda yake ganin mai fura ce ta ɓata mana shiri, in ga hannunsa sama!"

Hannuwa suka tashi, da dariya, da shewa. Na ma'aikata, na alhazai, na matan da ke baya. Na ga hannun mahaifina, da carbinsa yana lilo. Na leƙa shugaba, ta dafe ƙirji.

Yara biyu masu kaki da bindigogin katako suka ja mai fura, suka tsayar da ita a jikin turke. A bayan labule wata ta maka faffaɗan katako a kan tebur. Ƙarar ta fi yadda muka saba a gwaji, don zauren rufin kwano ne. Yarinyar ta sulale, ƙwarya ta kife, fura ta malala har ta ɗiga ƙasa gaban manyan baƙi.

Dariya ta ɗauke. Wasu hannuwan ma ba su gama sauka ba. Sai wata mata ta taso daga baya tana salati, ta ratsa layin maza ba ta ko gyara mayafi ba, ta hau dandamali ta rungume yarinyar. Uwarta ce. Wannan ba ya cikin rubutuna. Ɗiyar bakanike ba ta rikice ba, ta jira, sannan ta faɗi layinta na ƙarshe a hankali:

"Mun gode da haɗin kai. 'Yan takarar mako mai zuwa, a cikinku za mu zaɓa."

Aka ja labule. Tafin da aka yi kaɗan ne.

Bayan an tashi aka ce manjo yana nemana. Na same shi a ofishin shugaba, ita tana tsaye a gefe. Na gaishe shi, ban durƙusa ba.

"Ke kika rubuta?"

"Ni ce, ranka ya daɗe."

Ya juya hularsa a hannu. "Na taɓa tsayawa a irin wurin nan, ba a wasa ba. Yarana da suka yi harbin, babu wanda ya ci abinci ranar. Masu kallo ne suka koma gida da labari." Ya miƙe. "Kada wasan nan ya fita daga makaranta, Malama. Shawara ce."

Na ce na ji. Daga baya na kwafe shi da hannu sau biyar, na aika wa ƙawayena da ke koyarwa a wasu garuruwa. Biyu daga cikinsu sun yi shi.

Mahaifina ne ya mayar da ni gida a motarsa. Sai da muka kusa unguwa ya yi gyaran murya.

"Kin gan ni?"

"Na gan ka, Baba."

"Kuma kin san za mu ɗaga tun kahin mu zo?"

"Na sani."

"Kin kunyata ni gaban mutane," in ji shi, idonsa a kan hanya. "Amma ba ki yi mani ƙarya ba."

Kwana uku bai kira ni gaisuwa ɗakinsa ba. A rana ta huɗu ya dawo daga Sabon Gari da tsohuwar tafireta a cikin kwali, harafi ɗaya yana maƙalewa. Ya ajiye ta a ƙofar ɗakina, ya ce in zan ci gaba da irin wannan aiki, to in riƙa yin sa yadda mutane za su iya karantawa, don rubutun hannuna bai taɓa kyau ba.