Jirgin da Ya Leƙa Gidan Maƙwabta

Na manta abubuwa da yawa na shekarun da na yi ina gadin lambun shaƙatawa a Konni, amma ranar da aka tashi jirgin ɗaukar hoto a cikinsa ta ƙi fita raina.

Lambun ƙarami ne, 'yan itatuwan dogon yaro da kujerun siminti, kuma bangonsa ɗaya da gidajen mutane. Maƙwabtan nan sun ba ni amanar suturarsu. Duk ranar da zan hau itace saran reshe, sai na zaga na ɗaga murya, "Za a hau sama!" don mata su kimtsa, tunda tsakar gida da wurin wanka duk a buɗe suke.

Wata rana da la'asar masu biki suka zo da mai hotonsu, yana rungume da jirgin nan mai farfela huɗu kamar jariri. A lokacin lambunmu ba shi da wata doka a kan irin wannan abu. Ya ce buro, wato ofishin magajin gari, sun sani. Na ce ya dakata, na zaga na yi shela kamar kullum.

Mata suka shige ɗaki. Shi kuwa gwanin namu ya tsaya gyaran batir, har suka gaji da jira. Suka leƙo, ba kowa a kan itace, ba kowa a kan soro, suka ɗauka an fasa. Kowacce ta koma harkarta. Sai a lokacin jirgin ya tashi yana kuka, ya haura bango don ya ɗauko amarya daga nesa. Ban ankara ba sai na ji salati da ihu daga gidan da ke bayanmu.

Maigidan dattijo ne mai sanyin hali. Ya shigo lambun ba faɗa ba zagi, kuma da ya zage ni da na fi jin sauƙi.

"Malam, ka ce za a hau, munka duba ba mu ga kowa ba. Uwar ɗiyana na wanka abin ga ya tsaya bisa kanta."

Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, yanzu za a goge hoton."

"A goge shi ga na'ura. Ga idon wanda ya gani hwa?"

Kunya ta rufe ni.

Daga nan aka shiga zarya. Yau wajen jandarma, gobe buro, jibi gidan mai unguwa, ina maimaita magana ɗaya har bakina ya gaji. A ƙarshe aka kafa allo a ƙofar lambun: ba a tashin jirgi sai da izini, kuma ba a haura bango. Mai hoto ya karɓi kayansa da jandarma suka riƙe, amarya ta tare, kowa ya kama gabansa.

Dattijon nan kuwa ya rufe rabin tsakar gidansa da kwano, a wannan zafi na Konni. An ce duk da haka matarsa ba ta ƙara zama a waje ba sai da mayafi, a cikin gidanta na aure.

Abin da na koya shi ne, kafin ka nemi izinin buro, ka nemi na wanda za a gani. Dokar ta zo, ta yi kyau a kan allo, amma ba ta mayar wa baiwar Allah nan tsakar gidanta ba.