Karatun Rana a Dukawuya

"Rufe bakinki, rana tsaka ce!" Haka Iya, kakarmu, ta daka mini tsawa ran da na soma yi wa ƙannena tatsuniya a bakin turmi. Bayan magariba muka kewaye murhu, tana gasa mana gurjiya a toka, sai ta ba mu labarin wata yarinya da ta yi tatsuniya da rana. Aka aike ta sayen gishiri. Duk lungun da ta shiga sai ya mayar da ita gindin katanga ɗaya.

"Iya, ta koma gida?"

"Ina fa! Tana nan tana yawo. Ɗazu ma na ji takunta a bayan gidan nan."

Muka manne da juna, gurjiyar ma ta ƙone.

Ni ban san baƙin boko ba sai da na yi jikoki. Shekarar da soja suka sauka, farar hula suka hau, aka buɗe mana ajin yaƙi da jahilci a unguwa. Da muka iya haɗa baƙi, Malama ta ba mu wani tsohon littafin labarai, ta yanka mana na kullum. Ba tsallake, ba haɗa na yau da na gobe. Ni da dare nake nawa, a gaban fitila.

Sai yanar ido ta fara rufe mini gani. Da fitila hazo kawai nake gani, sai rana ta take nake rarrabe baƙaƙen. Na ce wa Malama littafin nan fa tatsuniya ce, ba a yin ta da rana. Ta yi dariya. "Hajiya, idonki zai jira ki ne?"

Na san hana tatsuniyar rana dabara ce ta Iya, don mu yi mata surfe. Sanin bai hana gabana faɗuwa ba. Amma in mutu ban kai ƙarshen littafi ko ɗaya ba? Na fito tsakar gida da rana tsaka, na karanta na ranar.

Da la'asar na kama hanyar aji. A kwanar marina na tsaya cik, lungunan duk sun zama iri ɗaya. Na dafa bango ina salati.

"Hajiya Laraba, bangon kike wa gadi?" Talatu mai ƙosai ce, 'yar ajinmu. Ta ja ni har ƙofar aji.

Malama ta ce, "Kin yi na yau?"

Na ce, "Na yi. Yanka mini na gobe."