Hular da Zanenta Ya Ƙi Haɗuwa

Aikina yanzu zana bango da daɓe a wasannin kwamfuta, irin zanen da za a jera sau ɗari ba a ga mahaɗi ba. A ƙauyen Yako na koyi sirrin haɗa zane, wajen gwaggona mai ɗinkin hula, ƙarshen shekarun casa'in.

Na je hutu, na ce ni zan ɗinka wa Baba hular Sallah. Na ƙi ƙirga zare, wai idona ya isa. Da na zagayo baya, zane ya ƙi haɗuwa.

"'Yar birni, ƙeyar babanki za ta sha kallo a Idi," in ji Gwaggo, tana dariya.

Ta ajiye nata ɗinkin, muka warware rabi, muka ƙirga tare. Baba ya sa hularsa ranar Sallah. Allah ya saka mata da alheri.