Kwalbar Feftayid a Hannun Sista

A wani ƙaramin asibiti a Bukkuyum nake kallonta, doguwa, tabarau ɗaure da zare. Sista suke ce mata. Wani manomin Adabka na miƙo mata 'yar kwalbar da ya sayo ta waya, wai feftayid, allurar da ke ɗinke tsinkakkiyar jijiyar gwiwa.

"Sista, damina ta kama, gwiwag ga nika jira. Soka min."

Ta daɗe tana juya kwalbar a haske.

"Baba, ɓerayen gwaji suka fi sanin wannan. Ba a gama gwada ta a jikin mutane ba. Ba ni soka maka."

Ta miƙe ɗauko bandeji, sai ga ta tana ɗingishi. Ina zargin ta fi shi son maganin nan ya zama gaskiya.